In mashin ɗin ɗan'uwa ya kwanta: yadda muke tada shi a tasha ba tare da an ɓata da juna ba

Duk wanda ya taɓa yin kilando, wato haya da mashin, a Garwa ta Kamaru ko na wata ɗaya ne ya san wannan ƙarar. Kana tafe da fasinja lafiya lau sai kaji kwas-kwas-kwas daga ƙarƙashin tanki, mashin ya fara nauyi kamar wani ya riƙe shi ta baya, ka ƙara wuta ya ƙi, can sai ya yi shiru. Ka sauke fasinja ka ba shi haƙuri, ka taka kik ya ƙi sauka. Toh daga wannan lokacin ba mashin kaɗai ne ya tsaya ba, cefanen gobe ya tsaya, kuɗin haya ya tsaya, in kuma na maigida ne resat ɗinsa, wato kuɗin da kake kai masa kullum, na nan tana jiranka da yamma ko ka yi aiki ko ba ka yi ba.

Na daɗe a tasha, mun tada mashin na mutane da dama, wasu mun yi daidai wasu kuma wlh mun kwafsa, har akwai wanda taimakonsa ya raba kan tasha gida biyu na kusan wata uku. Shi ya sa nake son in rubuta yadda muke yi yanzu. Ba tausayi ne ke ƙaranci ba, 'yan mashin akwai tausayin juna, tsari ne babu.

Farko dai a ɗauke shi daga bakin hanya. In ya kira ya ce gani nan wajen gadar Binuwai ko hanyar Pitowa, mutum biyu sun isa, ba sai tasha duka ta watse ba kowa ya rasa aikin yini. A sa giya a fili, ɗaya ya sa ƙafa a matakin baya ya tura shi a hankali, ɗayan ya bi su a baya saboda manyan motoci. In za a ja da igiya dan Allah kada a ƙulle ta a kan mashin ɗin da ake ja, a naɗa ta sau ɗaya ya danne bakin da hannunsa yadda in abu ya taso zai sake ta kawai, na ga wanda aka ƙulle wa igiya tamau na gaba ya kauce wa rami shi kuma ya bi ta kai. In tayar baya ta ƙi juyawa ko a fili, a cire sarƙa, ko a nemo mai tirisikil ya ɗauka a huta. In kuma hatsari ne to mutum ake fara dubawa, asibiti kafin garaji, kuma in da wani a ciki kada a taɓa gyaran komai sai an gama maganar konsta, wato rahoton hatsari na hukuma, ko sulhu, don in ka gyara ka goge shaida da hannunka.

Sai babban kuskuren da kusan kowace tasha ke yi: ana jin "injin wane ya buga" sai a fara yawo da hula ana tara kuɗi. A'a. Ba a tara ko dala sai an san ciwon.

Mu abin ya taɓa cin mu. Wani ƙanenmu mashin ɗinsa ya mutu, shi da bakinsa ya ce inji ne, aka tausaya aka haɗa kuɗi masu kauri aka danƙa masa a hannu. A satin nan ɗansa ya kwanta da zazzaɓin cizon sauro, kuɗi suka tafi asibiti, kuma tsakani da Allah wa zai zarge shi? Ko ni ne haka zan yi. Amma mashin ya yi wata biyu a jingine a zaure, mutane suka fara gunaguni, da aka zo taimakon na gaba rabin tasha suka ce su ba ruwansu. Abin haushin kuma da aka kai wa bakanike daga baya sai aka ga injin lafiyarsa ƙalau, sede'i ne ya ƙone, wannan ɗan baƙin akwatin wutar, abin da mutum uku ma za su iya saya masa. Tun daga ranar muka sa doka biyu, ba a karɓar gudummawa sai an buɗe an gani, kuma ba a ba mai mashin kuɗin gyara a hannu. Ba don ba a yarda da shi ba, don mutumin da gidansa ba abinci in ka ba shi jaka goma, wato sefa dubu goma, ka ce ta fistin ce ka ɗora masa jarabawar da kai ma ba lallai ka ci ba.

Kafin ma a je garaji akwai abin da kowane tsohon ɗan tasha zai iya dubawa a gindin dalbejiya cikin minti ashirin. Mai, wuta, matsi, a jere haka. A buɗe robine, wato makunnin fetur na ƙasan tanki, a zare tiyon mai a ga ko yana zuba. A kwance ɗan sukurun da ke ƙasan karbureta a tari abin da ya fito a farar kwalba, in da ruwa zaka gan shi ya kwanta a ƙasa fetur na sama, kuma wannan ya yi yawa da damina da kuma wajen masu shan zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin hanya da ake shigowa da shi daga Najeriya, wanda ba a san inda aka ajiye shi ba. Sai buji, wanda 'yan Najeriya ke cewa fulogi, a ciro shi a kalli bakinsa. In ruwan ƙasa-ƙasa ne lafiya, in baƙi ne busasshe kamar gawayi fetur ya yi yawa ko filtar iska ta toshe, in baƙi ne mai maiƙo to baƙin mai na hawowa sama. A mayar da shi cikin hularsa a jingina ƙarfensa da jikin inji a taka kik, wuta shuɗiya mai ƙara tas-tas ita ake nema, in ja-ja ce mai rauni ko babu gaba ɗaya a gwada sabon buji, in har yanzu shiru sai a bi hular bujin da bobin, wato kwayil, da sede'i da wayoyin makulli. A nan 'yan'uwantaka ke da amfani sosai, don in akwai mai irin mashin ɗin a tasha sai a ari nasa sede'in a gwada minti biyu a mayar masa, ba sai an saya an ga ba shi ba ne, mai shago kuma ba ya karɓar kayan wuta in an fita da su.

Matsi kuma ƙafa ke faɗa. In kik yana sauka salalam ba nauyi, sa babban yatsa a ramin buji a taka, in bai ture yatsan ba matsi ya gudu, ko sagma ne, wato ringi, ko sufaf, wato bawul. In kuwa kik ya ƙame kamar an zuba siminti to a ƙyale shi haka, kada wani ƙato ya ce bari ya hau da ƙarfi, abin da ya rage da rai a ciki shi zai ƙarasa. A zaro ma'aunin baƙin mai a gani, sau da yawa zaka tarar a bushe yake ƙayau. A tambaye shi kuma wane irin hayaƙi mashin ke yi kwanakin baya, shuɗi-shuɗi mai warin ƙonannen mai yana nufin ya daɗe yana shan baƙin mai, baƙi kuma fetur ne. Yawancinsu za su ce "ai ba ya hayaƙi", sai na bayansa a layi ya ce kai malam wata guda muna shaƙa.

Akwai tambayar da ake jin nauyin yi amma dole a yi ta: mashin ɗin na waye? In nasa ne shikenan. In na maigida ne yana kai resat kullum, to babban gyara irin na inji bai kamata ya faɗo kan talakawan tasha ba alhali mai abu na zaune, sai dai in yarjejeniyarsu ta ce haka. Shugaban tasha da wani dattijo su je su same shi cikin girmamawa, "Alhaji, yaronka ga abin da ya same shi, mun zo mu ji yadda za a yi." Sau da yawa in ya ga manya sun tako sai ya ɗauki rabi ko ya ɗage resat na kwanakin da mashin ke garaji, wanda shi kansa babban sauƙi ne. In kuma irin na biya-ka-mallaka ne, wanda in ya gama biya mashin ya zama nasa, a nemi a tsayar da lissafin kwanakin kuma a rubuta a takarda, don kada gobe a ce ya tsallake biya a ƙwace mashin bayan mu mun zuba kuɗinmu a ciki. Wannan ma mun gani.

Bakanike kuma ba wanda ya fi kusa ake kaiwa ba, ba kuma lallai sai abokin mai mashin ba. Akwai gwanin wuta akwai gwanin inji, akwai wanda hannunsa ya faɗa kan Boxer da TVS na Indiya, akwai wanda ya fi sanin na Sin irin su Sanili da Nanfang da Haojue. Da yawa daga na Sin ɗin nan injinsu kwaikwayon Honda CG ne, sanda ke tura sufaf ba sarƙar cikin inji ba, saboda haka in bakanike ya ce maka sarƙar distiribisiyo ta lalace a irin wannan injin sai ka sake kallonsa da kyau. A tura mutum biyu daga tasha su tsaya a buɗe a gabansu, ɗaya ya zama wanda ya san ƙarfe. A ce masa, "Maigida, buɗe mana ka faɗa mana gaskiya, kuɗin nan na jama'a ne." A biya shi kuɗin buɗewa ko da ba a wajensa za a yi aikin ba.

Kuma a matsa masa da tambaya ɗaya, me ya kashe shi? Fistin ba ya kamewa haka kawai. Ko mai ya ƙare, ko famfon mai ya daina turawa, ko 'yar ragar tace mai ta toshe, ko filtar iska ta yage injin ya yi ta shan ƙurar hunturu tana cin silinda kamar sanfefa. In aka sa sabon fistin ba a gano wannan ba to nan da sati uku za a sake zama a kansa. A tace tsohon man a kalla a rana, in yana ƙyalli da garin ƙarfe to a duba biyel, wato sandar da ke riƙe da fistin, da boris ɗin ƙasa, a kama biyel a ja sama da ƙasa, ɗan motsin gefe ba komai amma in yana wasa sama da ƙasa ya tafi. Silinda kuma in ƙarcewar ba ta yi zurfi ba ana iya kai ta alezaj, wato a fafe cikinta, a sa fistin na gaba, akwai 0.25 da 0.50 da 0.75 har 1.00, lambar na rubuce a kan fistin ɗin, in ka ga STD to ba a taɓa fafe ta ba. A kwatanta kuɗin alezaj da fistin da zirga-zirga da kuɗin sabon kit gaba ɗaya, wani lokacin bambancin bai taka kara ya karya ba, wani lokacin kuma tsohuwar silindar kamfani da aka fafe da kyau ta fi sabuwar bogi nesa ba kusa ba. Ni dai in tsohuwar ta asali ce kuma mai alezaj ɗin gwani ne, ita nake zaɓa.

Daga nan sai a rubuta. Kowane abu da sunansa da farashinsa, har juwen, wato gasket, da baƙin mai da kuɗin hannu, a raba gida biyu, abin da in babu shi mashin ba zai tashi ba da abin da zai iya jira. Birki da taya mai sanƙo da fitila suna cikin na dole ko da mai mashin ya ce a bari, ba za mu tada inji mu tura mutum ƙarƙashin tirela ba. Amma madubin ado da sabon kaba da fenti da hon mai waƙa, wannan in ya samu ya yi da kansa.

Yanzu ne ake tara kuɗi, kuma a faɗi adadin da ake nema ƙarara. Misali in lissafi ya kama jaka 30, wato abin da Fulani ke cewa boro 30, kuma ku 40 ne a tasha, to 500 kowa ya ba da jaka 20, mai mashin ya kawo abin da ya iya ko jaka 3 ce don ya san da guminsa a ciki, sauran a nema wajen masu ɗan hali. Kada a yanka wa mutane abin da ya fi ƙarfinsu. Kowa ya san yadda aikin ya koma, litar fetur a gidan mai ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, ta koma 840 a Fabrairun 2024, zuwa-zuwan da muke fakewa da shi kuma tun da Najeriya ta cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 ya daina zama abin da muka sani, fasinja kuwa har yau da tsohon farashi yake ciniki. Saboda haka a ba mutane kwana biyu ko uku, wanda ya kawo 200 a karɓa da godiya kamar wanda ya kawo 2,000. Wanda ba shi da kuɗi amma yana da tsohuwar karbureta mai kyau a gida ko zai yi zirga-zirgar kasuwa kyauta, shi ma ya bayar.

Mutum biyu ke riƙe lissafi, ɗaya kuɗi ɗaya littafi, kada su zama wa da ƙane ko 'yan gida ɗaya. Kowane dare a karanta abin da ya shiga. In ta Orange Money ko MoMo ake turowa, lamba ɗaya tak, kuma a sa kuɗin cirewa cikin lissafi tun farko, ga kuɗin kamfani ga harajin 0.2 cikin 100 da aka sa tun Janairun 2022, ƙananan abubuwa ne amma su ke sa a ƙarshe a ce ina sauran 700 ɗin, ma'aji kuma ya rasa bakin magana. A zauren WhatsApp na tasha a yi bayani da murya ba rubutu kaɗai ba, don ba kowa ke karatu ba, a yi da Hausa a yi da Fillanci, in da masu Faransanci a maimaita musu. Tasharmu akwai Bahaushe akwai Bafulatani akwai Tupuri da Mundang da Giziga, akwai mai zuwa masallaci akwai mai zuwa coci, layi ɗaya muke bi rana ɗaya ke dukanmu, in aka fara duba wannan wajen taimako tasha ta mutu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki hoton mutum a tsaye jikin mataccen mashin ɗinsa a watsa a Facebook ana a taimaka masa. Magidanci ne, yana da surukai, gobe zai ɗauki fasinjan da ya ga hoton. Maganar ta tsaya a cikin gida.

A faɗi tun farko kuma, kyauta ce ko rance? Kada a bar shi a duhu kowa da abin da ke ransa. Mu abin da muke yi, karo-karon 'yan tasha kyauta ne ba a bin kowa, abin da aka ciro daga asusu kuma rance ne ba ruwa a kai ko sisi, yana mayarwa kaɗan-kaɗan kullum bayan mashin ya koma aiki. A rubuta da shaidu biyu, ba rashin yarda ba ne, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Asusun nan kuma in ba ku da shi ku fara gobe, 100 kullum daga mutum 40 jaka 4 ce a yini, a wata jaka 120. Kada dai a haɗa shi da adashe, adashe kowa na jiran kwasarsa ne, asusun gyara kuwa addu'a kake kada ka buƙace shi.

Wajen sayen kaya a tafi da tsohon a hannu, a ɗora shi kusa da sabon a gwada, don suna ɗaya mashin ɗaya amma ramin fil ɗin fistin ya bambanta. Wanda ya san ƙarfe da mai littafi su je, bakanike in zai bi ya bi don ya duba, amma ba shi zai riƙe kuɗi ba kuma ba dole sai shagon da ya nuna ba, kowa ya san akwai 'yar lada tsakaninsu da masu shago. A zaga shago uku. Mai shago zai fito maka da kala biyu ko uku ya ce wannan orijin, wato na asali, wannan adaftabul, wato kwaikwayo, a nan kada a yi rowa kan abin da ke cikin inji, fistin da sagma da biyel da boris a sayi mafi kyawun da kuɗi ya kai, araha ba ta ado. Waya da kaba da roba ko na tsakiya ya wadatar. In sarƙa ce ta ci, a canza ta tare da piniyo na gaba da na baya gaba ɗaya, sabuwar sarƙa kan tsofaffin haƙora kwana kaɗan take. A karɓi rasit a kan komai.

Wani zai ce a aika Mubi ko Yola ya fi sauƙi, tunda yawancin kayan ma ta can suke shigowa. Gaskiya ne wani lokacin, musamman in naira ta faɗi, amma a lissafa kwanakin jira, kowace rana mashin na kwance asara ce, in kuma aka kawo ba daidai ba wa zai mayar? Sai dai in abin babu shi a Garwa ko Marwa kwata-kwata. Haka 'yan'uwanmu na Kuseri da Njamena, gadar Ngeli ce kawai tsakani, su kan tambayi farashi a ɓangaren biyu ta waya kafin kowa ya motsa. Kayan okaziyo kuma, wato na hannu, a yi hattara, in wani ya kawo inji sukutum da arahar da ta yi yawa ba takarda ba rasit, a bar masa abinsa. Satar mashin ba baƙon abu ba ne a garuruwan nan, inji kuma yana da lamba, ranar da jandarma ya tsugunna ya duba ba zai tambayi waye ya yi karo-karo ba, wanda ke kan mashin zai kama.

Ranar haɗawa mai mashin ya zauna a garaji daga farko har ƙarshe, da mutum ɗaya na tasha. Ba don a tsare bakanike kamar ɓarawo ba, amma aiki in ba mai shi a wajen sai a miƙa wa yaran garaji maigida ya tafi wani. A ga an wanke komai da fetur an shanya a kan kwali mai tsabta ba a ƙasa cikin yashi ba, a ga alamar da ke kan fistin ta fuskanci inda ya kamata, bakunan sagma an rarraba su ba a jere layi ɗaya ba, an shafa mai kafin a zura, an sa sabon juwen ba tsohon da aka shafe da gam ba. Sufaf da sanyin inji ake saita su. Baƙin mai a sayi na mashin mai 4T a jiki, 20W50 shi ya dace da zafinmu, a rufe da hatiminsa, ba na awo a kwalba ba, yawancin ƙananan mashinan nan wajen lita ɗaya suke sha amma a duba da ma'auni. Wani man mota yana sa ambiriyaj, wato kuloci, santsi tunda a cikin mai yake wanka. Kuɗin hannu rabi a farko rabi bayan an gwada, kuma kada a ce wa bakanike ya yi don Allah tunda taimako ne, shi ma da iyalinsa, in ya rage da kansa Allah ya saka masa. A ba yaran na sabulu. Tsofaffin kayan da aka cire a ƙulla a leda a kawo tasha kowa ya gani, wannan ledar tana kashe gulma fiye da duk wani bayani.

Duk wannan yana iya cin kwana huɗu ko sati, gidan mutumin kuma ba azumi suke ba. Nan ne aka fi mantawa. Hanya mafi kyau da muka samu ita ce atakan, wato mai mashin in ya tashi da magariba ko ranar da zai huta sai ya ba shi ya ɗan zaga, ya zuba mansa ya kawo ɗan abin da suka shirya, saura na cefane. Mutum ya fi son haka da a miƙa masa sadaka. Amma mai ba da aron ya tabbata mashin nasa ne ko maigidansa ya sani, takardu kuma suna jiki, katgiriz, wato takardar rajistar mashin, da asirans, wato inshora, shi ma mai karɓa yana da fermi, wato lasisin tuƙi, da rigar tasha, dokar 2008 ta masu haya da mashin ta nemi waɗannan, in aka kama aka kai furiyar, wato inda hukuma ke tsare ababen hawa, an koma neman kuɗin fito da mashin biyu maimakon gyaran ɗaya. In ba mai ba da aro, a ware wani abu daban daga karo-karon a sayi masara ko shinkafa a kai gidan da daddare ba tare da shela ba.

Akwai kuma wanda sai an yi masa magana mai ɗaci. Wanda kowa ya san ba ya vidanj, wato juye baƙin mai, sai mai ya koma kamar kwalta, ko mai ɗora buhu huɗu da mutum biyu, ko mai shan tiramol yana tsere a titi. A taimake shi karon farko saboda 'ya'yansa, amma dattijon tasha ya ja shi gefe, ba a gaban yara ba, ya ce "ƙanena, wannan kuɗin gumin 'yan'uwanka ne, in ka sake kashe shi da ganganci kai kaɗai za ka ɗauka." Kuma in ya sake a cika maganar, in ba haka ba masu kula da nasu mashin su za su gaji su janye.

In mashin ya tashi kowa na murna, shi kuma yana ɗokin ya rama kwanakin da ya rasa, toh nan ne ake kashe sabon inji. Rodaj, wato lallaɓa sabon inji har ya zauna, dole ne. Wajen kilomita 500 na farko a hankali, ba cika wuta, ba lodi, fasinja ɗaya, ba doguwar tafiya a ja ɗaya, kada ya ce zai yi lodin kasuwar Pitowa ranar Lahadi ko ya miƙa Gidar. In lokacin zafi ne irin na Maris da Afrilu da Garwa ke wuce digiri 40, ya riƙa tsayawa a inuwa injin ya sha iska, kuma kada ya watsa masa ruwa yana da zafi. Da safe ya bar shi ya ɗan yi aiki a tsaye minti biyu kafin ya hau. 'Yan layi su riƙa bar masa gajerun tafiye-tafiye na cikin gari a satin nan, masu kaya da masu nisa wani ya ɗauka.

Kuɗin vidanj na farko a cire shi tun daga karo-karon a bar shi hannun ma'aji, don in aka bar wa mai mashin zai ce ai man sabo ne bari ya ƙara sati, alhali wannan man na farko shi ke kwashe garin ƙarfen sababbin kaya. In mitarsa ta mutu kamar ta yawancinmu a ƙirga da kwana, mai aiki kullum kwana huɗu zuwa biyar ya isa. Ranar ma'aji ya raka shi garaji, a juye man a kalla a rana, bakanike ya sake taɓa sufaf da ƙusoshin kan inji ya ja sarƙa, a biya shi ragowar kuɗinsa. Da yamma a karanta lissafin ƙarshe a tasha, abin da ya shiga, abin da ya fita, ga rasit ga ledar tsofaffin kaya, in canji ya rage ko 300 ne a faɗa a zuba a asusu a rubuta kwanan wata.